Abin da na faɗa maka a waya ranar da Inna ta rasu

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan Argungu lafiya lau muke, sai kewar tsohuwa da ba ta sake mu ba. Har yau in na shigo gida da magariba sai na kai bakin ƙofar ɗakinta kafin in tuna. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya kyautata namu zuwan.

Saƙonka ya same ni tun daren Talata. Ban amsa da wuri ba saboda ba irin maganar da ake amsawa a tsaye ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta a takarda, ƙanwarka ta buga maka a waya. Abu biyu ka tambaya. Ka ce ranar da Inna ta rasu na kira ka na ce ka taho gida, ka tambaye ni yaya jikin nata, na ce maka "sai addu'a", alhali a lokacin an riga an rufe mata fuska. Ka kamo hanya daga Abuja, ka tsaya Kontagora ka sayi lemu da kankana don marar lafiya, ba ka san komai ba sai da ka shawo kwanar unguwarmu ka hango tabarmi da butoci a ƙofar gida. Ka ce mu ne muka riƙa zane ka a kan ƙarya tun kana ƙarami, to wannan da muka yi maka mene ne sunanta, wace al'ada ce kuma ta halatta ta? Sannan ka ce wani amininka yana neman aure, dangin yarinyar sun aiko za su zo bincike wurinka, kai kuwa ka san yana shan ƙwaya, har ka taɓa ɗauko shi da hannunka daga bakin titi bai san inda kansa yake ba. Kana so ka ji, tunda al'ada ta yarda a rufe mutuwa, ko ta yarda ka rufa masa wannan.

Na ji zafin da ke cikin ta farkon, kuma ban ga laifinka ba. Ni na kira ka, ni na faɗi maganar, ba zan laɓe bayan kowa ba. Inna ta cika ana idar da sallar asuba, kanta bisa cinyar Gwaggonka. Mahaifinka ya ɗauki waya zai kira ka, hannunsa ya ƙi tsayawa, ya miƙo mini. Na san kai za ka tuƙa motar da kanka. Na san halin hanyar Kontagora zuwa Yawuri da manyan motocin da ke binta. Na kuma san ko fiffike gare ka ba za ka riski jana'iza ba, don kafin rana ta take an kai ta makwancinta. Ga shi kai ɗan ɗakinta ne, a bayanta ka yi wayo, tuwon hannunta ka ci har ka shiga sakandare. Shekarun baya akwai wani yaro maƙwabcinmu da aka sanar da shi rasuwar mahaifinsa ta waya yana Sakkwato, ya hau babur yana kuka, bai iso ba. Gida ɗaya aka yi zaman makoki biyu cikin mako guda. Ni na shiga na yi wa uwarsa ta'aziyya ta biyun, kuma fuskarta nake gani lokacin da kiranka yake shiga.

Duk da haka sai da na auna abin da zan faɗa. Ban ce maka da sauƙi ba, ban ce tana gaishe ka ba. Na ce sai addu'a, ka taho kada ka tsaya komai. Da ka ce mini, "Baffa, tana da rai?" to da na faɗa maka, sai dai in haɗa ka da Allah ka nemi wanda zai tuƙo ka. Malamai suna kiran irin wannan magana tauriyya, mu kuma mu ce sakaya zance. Ka san labarin Ummu Sulaim, matar Abu Ɗalha. Ɗansu ya rasu mijin ba ya gida. Da ya dawo ya tambayi jikin yaron, ta ce masa ai bai taɓa samun natsuwa irin ta yau ba. Ta kawo masa abinci ya ci, ya huta, daga baya ta sanar da shi. Da labarin ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, addu'ar albarka ya yi musu.

Kafin zuwan waya, ga yadda muka taso muka ga ana yi. In mutum ya rasu, 'yarsa kuma tana aure a wani ƙauye ƙetaren fadama, ba yaro ake aikawa ba. Dattijo ake tasa, ya hau keke ko ya shiga kwalekwale. In ya isa ba ya faɗa daga bakin ƙofa. Zai yi sallama, ya nemi babban namijin gidan, a shimfiɗa masa tabarma, ya sha ruwa, a gaisa har a tambayi gona da dabbobi. Sai ya ce jikin wane fa ya yi nauyi. Ya yi shiru. A cikin shirun nan mai hankali ya riga ya fara shirya zuciyarsa. Sannan ya ce sai haƙuri, wa'adi ya cika. Ita 'yar kuwa sau da yawa ce mata ake yi ta shirya ana nemanta a gida, a haɗa ta da wata tsohuwa, don in ta faɗi ta faɗi a hannun danginta. Mutanen da suka tsara wannan ba masu gudun ambaton mutuwa ba ne. Dubi abin da suke ce wa wanda ya rasu: ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya kira kabari gidan gaskiya ya san ba a ɓoye shi. Ɗan lokaci kawai suke nema wa mai rai, ya samu wurin zama kafin a aza masa kayan.

Akwai magana ɗaya a saƙonka da ta hana ni barci. Ka ce yini guda ka yi a hanya kana roƙa mata sauƙi, alhali gafara take bukata. Wannan ban yi tunaninta ba a ranar, kuma gaskiyarka ce. Abin da zan iya cewa shi ne, Wanda kake roƙo ya san halin da take ciki, addu'a kuwa ba ta ɓatan hanya. In na tauye maka wani abu a nan, ka yafe mini. Na kuma ji cewa kai ka fi so a faɗa maka kai tsaye. Na gaya wa mahaifinka da 'yan'uwanka, ranar da tawa ta zo a sanar da kai ba tare da kwana-kwana ba. Sharaɗina ɗaya, ka yi mini alkawari ba za ka taɓa sitiyari a ranar ba. Ita al'adar ma yanzu ƙafarta ɗaya a waje take, don kafin dattijo ya gama naɗa rawani wani yaro ya riga ya sa hoton mamaci a Facebook. Ranar Inna sai da na tara yaran gidan nan na ce duk wanda ya rubuta wani abu kafin ka iso ban yafe ba. Ban san abin da ya fi wannan rashin tausayi ba, a ce mutum yana tsakiyar kasuwa ya buɗe waya ya ga gawar uwarsa, su kuma masu yi suna cewa ai gaskiya suka faɗa.

Wannan "ai gaskiya na faɗa" ita nake so mu tsaya a kanta. Na yi shekara 35 ina koyarwa a firamare, kuma abin da muke gaya wa yara shi ne gaskiya ita ce faɗin abu yadda ya faru. Haka ne, amma wannan bakin gulbi ne kawai, ruwan yana gaba. Saurari yadda kalmar take yawo a bakinmu. Muna cewa wane yana da gaskiya, kamar yadda za mu ce yana da gona. Muna cewa alƙali ya ba shi gaskiya, wato ya miƙa masa abin da yake nasa. Muna ganin mutum yana raɓe-raɓe a bayan rumbu, bai ce uffan ba, mu ce wannan ba shi da gaskiya. Ta ina ya yi ƙarya, tunda bai buɗe baki ba? Marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake yi. Muna cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ka lura ciki aka ce, ba a ce baki ba. In kuma mutum ya yi imani sai ya ce ya ba da gaskiya ga Allah da ManzonSa. Abin da ake da shi, ake bayarwa, ake riƙewa, ake tsarewa, ai ya wuce a ce sauti ne da ke fita daga harshe.

Ɗauki magulmaci. Mafi yawan abin da yake kwasa daga wannan zaure ya kai wancan ya faru da gaske. Wance ta yi yaji, wane ya ci bashi, an ga ɗan wane a wuri kaza. Ka taɓa jin an kira shi mai gaskiya? Munafuki ake ce masa, annamimi, mai baki biyu. Sai ka juyo ga Inna da kanta. Daren duniya nawa ta zaunar da ku tana ba ku labarin Gizo da Ƙoƙi, kura tana magana, ɓaure yana waƙa, in ta gama ta ce ƙungurus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Babu abu ɗaya a ciki da ya faru, babu kuma wanda ya taɓa ce mata maƙaryaciya a garin nan. Ni ne ɗan farinta. Na haura saba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro in baƙuwa ta nuna ni ta ce, "Wanga ɗanki na?" sai ta kau da kai ta ce, "Ɗan gidanga na." Baƙo yana jin yunwa a kawo tuwo ya ce alhamdu lillahi, sai an matsa masa. Ka je duba mutum yana mutsu-mutsu a kan tabarma, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Sunan waɗannan kunya, da kara, da kawaici. In ka duba su ɗaya bayan ɗaya za ka ga abin da mutum yake rufewa nasa ne: yunwarsa, ciwonsa, son da yake wa ɗansa. In akwai asara, a kansa take sauka. Ita kuwa ƙarya, da 'yan'uwanta yaudara da ha'inci, asararsu a kan wani take sauka, ribar ta dawo wa mai yi. Ni da wannan mudu nake awo: haƙƙin wa ya salwanta, kuma wa ya ci riba?

In na auna maganata da kai da mudun nan, a bakin iyaka take, shi ya sa ta yi maka ciwo. Rasuwar Inna ba tawa ce ni kaɗai ba, kana da haƙƙin sani. Abin da nake fata ya fisshe ni gaban Allah shi ne ɓoyon na yini ɗaya ne, don ranka na yi, ban kuma ƙaru da komai ba. Da gado ne na ɓoye maka da irin wannan dabara, ko da kowace kalma tawa daidai take, sunana maci amana.

Amana ita ce babbar yayar gaskiya a wurinmu, kuma ba sai na je da nisa neman misali ba. Ka san Inna ta yi shekaru tana uwar adashi. Ba ta san bihim ba, ba ta taɓa riƙe biro ba. Kwalla ce gare ta a ƙarƙashin gado, kuɗin kowace mace a ƙulle cikin tsumma mai launi dabam, wani da ƙulli ɗaya, wani da biyu. Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa a fadama, gidan nan ya kwana uku ana dama kunu tsararo, kwallar tana nan cike. Mahaifinka ya roƙe ta ta ara mana a sayi gero, in an sayar da akuya a mayar. Ta ce, "Wanga kuɗɗi ba nau na ba." Ba ta ƙara ko kalma ba. Kwana biyu kafin ta cika ta sa aka jawo kwallar, ta riƙa ɗaga ƙulli tana faɗin mai shi, Gwaggonka tana rubutawa. Da aka kira matan bayan kwana uku, ko naira ɗaya ba a yi gardama a kanta ba. Hadisi ya lissafa alamomin munafuki uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Ka ga an ɗaure su da igiya ɗaya. Hausa ma haka ta ɗauke su. Alkawari kaya ne, amana kuwa wanda ya ci ta ita ma sai ta ci shi, alhaki kuma kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ƙaryar hannu ta fi ta baki yawa a kasuwa. Tiyar da aka bubbuga gindinta ya shige ciki, buhun albasa da aka jera manya a baki aka cusa ruɓaɓɓu a tsakiya, shinkafar da aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. Wannan shi ne algus, kuma mai yinsa yana iya sayar maka bai furta komai ba. Kana ƙarami a 2008, ban sani ba ko ka tuna abin da ya faru a bikin kamun kifi. An fito da wata ƙatuwar giwan ruwa daga kogin Matan Fada, aka auna, aka yi ta kiɗa, aka ba da kyauta. Daga baya aka gano kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi, daga wani wuri aka kawo shi, aka karɓe kyautar. Dubban masunta sun faɗa ruwa da homa da gora a ranar, kowa ya jira aka ba da izini. Abin da ya ƙona wa tsofaffin garin nan rai ya wuce maganar kyauta. Bikin nan tun 1934 ake yinsa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka binne gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. Abin da aka kafa bisa amana, wani ya shigo da mataccen kifi cikinsa.

Kada ka ɗauka duk abin da muka saba yi nake karewa. Akwai ƙaryar da muka mayar ruwan sha, kuma ba ta da wani suna sai ƙarya. Mai bin bashi ya yi sallama, uba ya ce wa ɗansa je ka ce ba na nan. Uwa za ta fita, yaro yana kuka, ta ce yi shiru zan sayo maka alawa, ta san ba za ta sayo ba. Wata mata ta taɓa kiran ɗanta a gaban Manzon Allah ta ce zo in ba ka, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa a nan muke koya wa yaro cewa maganar babba iska ce, in ya girma mu zane shi don ya yi abin da ya gani. Haka mai sana'ar da zai ce maka gobe in sha Allahu, ya san ko yanka yadin bai yi ba, ya mai da sunan Allah mafaka. Haka wallahi da ta yi arha har ana yin ta a kan cinikin tumatir. Da can in dattijo ya ce "gaskiya ta", magana ta ƙare, don an san ba ya magana biyu. Rantsuwa sai gaban alƙali, kuma na ga mutanen da suka bar haƙƙinsu don kada su dafa Alƙur'ani.

Wani reshe na gaskiya shi ne ka ba mutum tasa ko ba ka sonsa. Mu Kabawa mun san abin da ya shiga tsakaninmu da Malam Abdullahin Gwandu, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805. Amma kakanka, Allah ya jiƙansa, in ana zancen masu tsage gaskiya shi yake fara kawowa. Yakan ce ga mutumin da ya ga jama'arsa sun fara karkata ga dukiya da mulki tun jihadi bai yi nisa ba, ya faɗa musu, ya bar rundunar ya nufi gabas, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna yana karantar da su kafin ya komo. Faɗa wa abokin gaba laifinsa kowa ma ya iya. Na gida ake jin nauyi.

Wannan ya kawo mu ga amininka. A'a, ɗana, al'ada ba ta ba ka wannan ba, addini ma bai ba ka ba. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yan cikina ba.

Wajen shekara 30 da suka wuce ina koyarwa a wani ƙauye, wani abokin aikina ya nemi auren wata yarinya. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa. Na san matarsa ta farko ba don rashin haihuwa ta fita ba kamar yadda yake faɗa wa mutane, don ina jin abin da ke faruwa da dare, sau biyu ma ni na buga ƙofa na raba. Baffan yarinyar ya zo wurina da la'asar, muka zauna gindin dogonyaro a bakin makaranta. Ya cire takalmi, ya gyara zama, ya ce, "Malam, amana muka kawo maka. Ɗiyarmu marainiya ta." Na sunkuyar da kai ina wasa da tsinke a ƙasa. Na tuna tare muke cin abinci da mutumin nan, na tuna ya taɓa ba ni rance da albashi ya makara. Sai na ce, "To, ni dai ban san shi da sata ba, ban san shi da barin salla ba, yana kuma riƙe aikinsa." Ko harafi ɗaya ban yi ƙarya ba. Dattijon ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya tafi. Wata bakwai da ɗaurin aure aka kai yarinyar Aliero wurin masu ɗori da karyayyen hannu, cikin da take ɗauke da shi kuma ya zube. Bayan an kwana biyu na haɗu da baffan nata a kasuwar Jega. Ya ba ni hannu, ya tambayi iyali, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ashe ka sani." Bai ƙara komai ba, ya wuce. Ya daɗe da rasuwa, ni kuwa har yau in na ɗaga hannu ina neman gafara maganar nan ce take fara zuwa.

Ka ga dabarar iri ɗaya ce da wadda na yi maka a waya. Na zaɓi kalmomi masu gaskiya na jera su yadda mai ji zai fahimci wani abu dabam. A ranar na kira abin kara, na kira shi rufin asiri. Amma wa ya biya kuɗin karar tawa? Marainiya ce ta biya da hannunta da ɗanta, ni kuma na tsira da abota da mutuncin idon jama'a. Rufin asiri yana da wurinsa, babba ma kuwa: wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya cutar da kowa, ka rufa masa, Allah ya rufa maka. Amma ranar da aka zo aka ce maka za mu ba shi 'yarmu, me ka sani, ka tashi daga aboki ka koma shaida. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah ta ce mutum biyu suna neman aurenta, Mu'awiya da Abu Jahmi. Dukansu sahabbansa ne, amma ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara ba ya cikin gibar da aka hana. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, an ce mu tsayu da adalci, mu yi shaida don Allah ko da a kan kanmu ne, ko iyaye, ko dangi mafi kusa. In iyaye ba su tsira ba, ina ga aboki.

Ga yadda nake so ka yi. Kafin su zo, ka sami amininka ku biyu, ba ta waya ba. Ka gaya masa an aiko wurinka, kuma ba za ka ɓoye abin da ka gani ba. Ka ba shi zaɓi, ko ya je ya faɗa da bakinsa, wanda ya fi masa daraja, ko ya nemi a ɗaga maganar ya je asibiti a taimake shi ya rabu da abin, kai kuma ka raka shi, ka tsaya masa har ƙarshe. Zai yi fushi, watakila ya ce ka ci amanarsa. Ka daure. In sun zo, ka nemi keɓewa da waliyyinta shi kaɗai, kada ka yi maganar a gaban taro. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ranar da ka gani, sau nawa. Abin da aka ce an ce ka bar shi, gani ya kori ji. Ka faɗi alherinsa yadda ka san shi, don rage masa alheri ma zalunci ne. In ya fara dainawa ka ce ya fara, tun yaushe. Kada ka ce a ba shi, kada ka ce a hana shi, wannan nasu ne. Ka roƙe su maganar ta tsaya a tsakaninku. Mai yiwuwa abotarku ba za ta koma yadda take ba, ba zan ruɗe ka ba. Da aka kafa jaridar Hausa a Zariya a 1939 ana sayar da ita kwabo, sai aka raɗa mata Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ni a rayuwata ban taɓa ganin ta tsaya a kwabon ba, wani lokaci aboki take ci. In ka ji zuciyarka tana rawa ranar, ka kira ni kafin su shigo.

Carbin Inna yana wurin Gwaggonka, baƙin nan mai igiyar da kai ka sake mata da ta tsinke. Daren da aka jawo kwalla, bayan ta gama da kuɗin mutane, ta cire shi daga wuyanta ta ce a ajiye maka, kada a aika, kai za ka zo ka karɓa da hannunka. Lemu da kankanar da ka sayo kuma ba su lalace ba. Da ka ajiye ledar a zaure ka shige ciki, Gwaggonka ta ɗauka ta yanka, ta raba wa tsofaffin da suka yi mata wanka, da niyyar sadaka gare ta. Kowace ta karɓa ta yi mata addu'a, ta yi maka.

Ka gaida abokan zamanka. Mahaifiyarka ta ce ka riƙa cin abinci. Sai mun gan ka da Salla, in Allah ya kai mu.

Baffanka